Rim ɗin Kamfani Ko Saiti Na Biyu: Muhawara Kan Tayar Hunturu a Ƙasashen Ƙanƙara

A ƙasashen da sanyi ke sauka ƙasa da sifili na tsawon watanni, irin su Kanada da Finlan da Suwidin da Rasha da arewacin Japan, mai mota yakan sauya tayoyinsa sau biyu a shekara, ya ɗaura tayar hunturu idan sanyi ya kunno kai, ya mayar da ta bazara idan ƙanƙara ta narke. A wurare da dama hukuma ce ta wajabta hakan. Lardin Kebek na Kanada ya kafa dokarsa a 2008, kuma tun daga 2019 wa'adin ya zama daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin ana buƙatar tayar daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin hanya tana cikin yanayin hunturu. Jamus kuwa, tun ƙarshen 2010, ba ta ɗaure direba da kwanan wata ba, sai dai ta hana shi hawa titin da ƙanƙara ko dusarta ta rufe da tayar da ba ta dace ba. Saboda haka batun a sa tayar hunturu ko kada a sa ya riga ya fita daga hannun mai mota a waɗannan wurare, abin da ya rage masa shi ne zaɓar ƙarfen da zai ɗaura tayar a kai, kuma a nan ne ra'ayi ya rabu tsakanin makanikai da dillalan taya da su kansu direbobi.

Abin da ake kira ƙafar mota haɗin abu biyu ne, wato taya, wadda ita ce robar da ke taɓa ƙasa, da rim, wanda shi ne zagayayyen ƙarfen da robar ke zaune a kansa, ake kuma ɗaure shi a jikin mota da noti huɗu ko biyar ko shida. Rim ɗin kamfani shi ne wanda masana'antar da ta ƙera motar ta fito da ita da shi, ko wanda take sayarwa da sunanta domin wannan samfurin, rim ɗin kasuwa kuwa shi ne wanda wani kamfani dabam ya ƙera domin ya shiga motoci iri-iri. Ta fuskar abin da aka yi shi da shi, rim ya kasu biyu: akwai na baƙin ƙarfe, wanda ake matsowa daga falle a haɗa da walda, galibi a rufe fuskarsa da murfin roba, akwai kuma na gamin alminiyam, wanda 'yan kasuwa ke kira aloyi, da ake zubawa a narke cikin mazubi, ya fito da ado da sheƙi. Ɓangaren farko na muhawarar suna ganin a ɗaura tayar hunturu a kan rim ɗin da mota ta zo da shi, a riƙa cire roba ana mayar da wata a kowace kaka da bazara, ɓangare na biyu kuma suna ganin a sayi saitin rim huɗu dabam, mai araha, a bar tayar hunturu a kansa dindindin, na kamfanin ya huta a ɗakin ajiya har sanyi ya wuce.

Ita kanta tayar hunturu ta daɗe, domin kamfanin roba na Finlan wanda daga baya ya zama Nokian ya fitar da ta manyan motoci a 1934, ya biyo da ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta a 1936. Bambancinta da sauran tayoyi yana cikin haɗin robar da kuma zanenta. Bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka saba ambata, robar tayar bazara takan fara taurara idan sanyi ya sauko wajen digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda man shanu ke sandarewa da asubahin hunturu, sai ta daina lanƙwasawa ta kama gargadar kwalta, alhali an haɗa ta hunturu yadda za ta riƙe laushinta cikin tsananin sanyi, an kuma tsattsaga haƙoranta da siraran tsagogi masu buɗewa su ciji ƙanƙara. Shaidar da ake gane ta da ita alama ce a gefen tayar, ta dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, wadda masana'antun taya na Amurka da Kanada suka fito da ita a 1999, kuma tun Oktoban 2024 ita kaɗai Jamus ke karɓa. Duk waɗannan siffofi na robar ne, don haka rim, kowane iri ne, ba ya ƙara wa taya riƙon ƙasa da kansa; tasirinsa yana zuwa ne ta hanyar girman tayar da yake ɗauka, da yadda ya zauna a jikin mota, da yadda yake jure gishiri da ramuka.

Babbar hujjar masu goyon bayan rim ɗin kamfani ita ce dacewa, kuma hujja ce da ba a gane nauyinta sai an san yawan ma'aunan da dole su zo daidai kafin a ce rim ya shiga mota. Na farko shi ne tsarin ramukan noti, wanda ake rubutawa da lamba biyu: idan aka ce 5×114.3, ana nufin ramuka biyar ne da ke jere a kan da'irar da faɗinta ya kai milimita 114.3, wanda shi ne tsarin Toyota Camry da Honda Accord, yayin da Volkswagen da Mercedes ke amfani da 5×112 a yawancin motocinsu. Bambancin da ke tsakanin tsarin biyu bai kai milimita uku ba, wato kaɗan ne ƙwarai har ido ba ya gani, kuma mai gaggawa yana iya tilasta wa noti ya shiga, amma kusoshin za su zauna a karkace, suna shan wahalar da ba a ƙera su domin ta ba. Na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda ke hawa kan cibiyar ƙafar mota da makanikai ke kira hob, kuma shi ne ke daidaita rim a tsakiya cif kafin a ɗaure noti. A nan ne ake ganin cewa Camry da Accord, duk da tsarin notinsu ɗaya ne, ba sa musayar rim yadda ake zato, domin ramin Toyota milimita 60.1 ne, na Honda kuma 64.1, ke nan rim ɗin Toyota ba zai hau hob ɗin Honda ba sam, na Honda kuma zai hau Toyota da sarari a gefe. Masu ƙera rim ɗin kasuwa sukan fasa ramin da faɗi domin ya shiga motoci da yawa, sannan a cike gibin da zobe na roba ko na alminiyam, kuma idan zoben ya ɓace ko aka manta da shi, ƙafa takan zauna ba a tsakiya ba, sitiyari ya riƙa karkarwa idan mota ta ɗauki gudu.

Ma'auni na uku shi ne zurfin zaman rim, wanda ake bugawa a jikinsa da haruffan ET da lamba, wato tazarar milimitocin da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke mannuwa da hob. Idan lambar ta kauce da yawa, taya takan fito waje ta goga bakin bodi ko ta shige ciki ta goga shokozoba, boris ɗin ƙafa ya riƙa ɗaukar kaya a inda ba a tsara masa ba, kuma yadda mota ke amsa birki ya sauya, abin da ke da muhimmanci a hunturu inda sau da yawa ƙafafun dama suna kan ƙanƙara na hagu suna kan busasshiyar kwalta. Sai kuma mazaunin noti, wanda mutane suka fi rainawa alhali ya fi saurin jawo haɗari. Notin aloyin Toyota shimfiɗaɗɗen gindi gare shi da washa, na Honda gindinsa a dunƙule yake kamar rabin ƙwallo, yawancin rim ɗin kasuwa kuma suna buƙatar noti mai gindi a fiƙe a kusurwar digiri 60. Zaren kusar yana iya zama ɗaya, notin ya shiga ya ɗauru har mutum ya ji ya yi tsauri, amma gindinsa yana taɓa rim ne a siririn layi kawai, kuma da tafiya ta yi nisa sai ya saki. Wanda ya tsaya a kan rim ɗin kamfani da notinsa na asali ya kuɓuta daga duk wannan lissafi, kuma ya tabbata rim ɗin zai ɗauki nauyin motar, zai kuma wuce kalifar birki ba tare da gogayya ba.

Suna ƙarawa da hujjar na'urar lura da iska. Bayan haɗurran da suka shafi tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka a shekarar 2000 wadda ta kai ga wajabta wannan na'ura a duk sababbin ƙananan motoci daga Satumban 2007, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga duk sabuwar motar da za a yi wa rajista daga Nuwamban 2014. A motoci da yawa na'urar 'yar ƙaramar sansa ce mai batir da ke maƙale a bawul, cikin rim, tana aika wa kwamfutar mota ƙarfin iskar kowace taya. Amfaninta ya fi fitowa a sanyi, domin iska tana tsukewa idan ta huce: tayar da aka cika zuwa 33 a ma'aunin PSI a garejin da ɗuminsa ya kai digiri 20 za ta sauko wajen 27 idan ta kwana a waje cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ba tare da ta huje ba. Wanda ya sayi saiti na biyu, ko dai ya sayi ƙarin sansa huɗu ya biya a haɗa su da kwamfutar motar, ko kuma ya yi wata huɗu yana tuƙi da fitilar gargaɗi a kunne har idonsa ya saba da ita, ya daina ganinta ranar da take faɗin gaskiya. Wannan hujja ba ta shafi motocin da ke gane raguwar iska ta hanyar auna saurin juyawar ƙafafu ba, kamar yawancin Volkswagen, tunda su babu sansa a cikin rim. A ƙarshe akwai batun wuri, domin mazaunin bene a Montiriyal ko Mosko ba lallai ne yana da inda zai jibge ƙafafu huɗu masu nauyi ba, kuma ko da yake shagunan taya a Turai da Kanada suna karɓar ajiya, kuɗi ake biya kowace kaka.

Masu ra'ayin saiti na biyu sun fara tasu hujjar ne daga gishiri. Hukumomin hanya a ƙasashen sanyi suna watsa gishiri a titi domin ya narkar da ƙanƙara, Kanada kaɗai takan zuba kimanin tan miliyan 5 a shekara. Gishirin da aka saba da shi yana rage aiki idan sanyi ya wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili, don haka akan haɗa da wasu nau'o'i masu sinadarin kalsiyam ko magnisiyam, waɗanda ke jawo danshi daga iska, su bar jikin ƙarfe a jiƙe ko da hanya ta bushe. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin yana da siririyar fata da ke kare shi, amma sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri yana huda wannan fata, ya bar ƙananan ramuka da farin gari. Rim ɗin da ya fi shan wahala shi ne wanda aka goge fuskarsa da injin yanka har ƙarfen ya fito yana ƙyalli, aka rufe shi da fenti marar launi, wanda shi ne adon da ake yayi a motocin zamani masu tsada. Da zarar tsakuwa ta fasa wannan rufi a wuri ɗaya, ruwan gishiri yakan kutsa ƙarƙashinsa ya riƙa tafiya kamar fararen zaruruwa, kuma babu wankin da ke mayar da shi sai an sake goge fuskar gaba ɗaya.

Da ɓarnar ta tsaya a ado, da sai a ce batun masu son ƙawa ne. To amma gishiri yana shiga har inda leɓen taya ke manne da bakin rim, wanda a tayar da ba ta da tib shi ne kaɗai ke riƙe iska, kuma idan wurin ya ci ya yi gargada, sai taya ta riƙa sacewa a hankali, mai faci ya duba bai ga ƙusa ba. Haka kuma inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfen hob, ruwan gishiri yana zama mahaɗin lantarki tsakanin ƙarafan biyu, alminiyam ya riƙa cinyewa, har rim ya manne da hob ya ƙi fita ko an kwance noti duka. A nan suke kawo hujja ta biyu, wato illar yawan cirewa da mayarwa. Idan mutum ya yi hunturu huɗu da saitin taya ɗaya a kan rim ɗaya, ya yi sauyi takwas ke nan, kowane sauyi ƙafa huɗu, wato sau 32 injin shago zai danna leɓen taya ya zare shi daga rim, a ɓamɓare dalmar balansin a manna wata, kuma a kowane karo akwai yiwuwar a karce fenti, a yage leɓen roba, ko a karya sansar da ke kusa da bawul. Wanda yake da saiti biyu kuwa sau ɗaya ake ɗaura masa taya a yi balansin, daga nan sai kwance noti da ɗaurewa, aikin da zai iya yi a ƙofar gidansa da jak da sifana, muddin ya ɗaure notin daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa, ya kuma sake duba shi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Hujjarsu ta uku ita ce mafi ƙarfi a idon mai nazari, domin ta shafi tuƙin kansa. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, don haka ruwan da ya shiga tsagar kwalta yakan buɗa ta duk lokacin da ya daskare ya narke, kuma zuwa ƙarshen hunturu titunan birane kamar Montiriyal da Ditroyit sukan cika da ramuka, wasu a ɓoye ƙarƙashin ruwan dusar da ta narke. Abin da ke kare rim daga bakin rami shi ne tsayin gefen taya, kuma yayin da ake yi yanzu na manyan rim yana cinye wannan tsayi. Camry ta 2018 misali ce mai kyau, domin kamfanin ya fitar da ita da girma daban-daban: mafi ƙanƙanta 205/65R16, mafi girma 235/40R19. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma faɗin da'irar rim ne a inci. Idan aka lissafa, gefen tayar inci 16 ya kai milimita 133, na inci 19 kuma 94 kawai, alhali tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, ta yadda agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Mai motar da ta zo da inci 19 idan ya nace a kan rim ɗinsa na asali, dole ya sayi tayar hunturu mai faɗi, mai gajeren gefe, mai tsada, alhali ƙaramin rim, in har ya wuce birkin motar, zai ba shi taya mai araha da ke shanye dukan rami, siririya kuma, wadda ke yanka taɓon dusar ƙanƙara ta kai ga kwalta maimakon ta hau kansa. Ko da dukan ya kai ga ƙarfen, rim na baƙin ƙarfe lanƙwashewa yake yi a buga shi ya koma, aloyi kuwa yakan tsage.

Ɓangaren farko ba su rasa amsa ba, kuma wasu amsoshin nasu daidai ne. Baƙin ƙarfe ma yana tsatsa, har ya fi alminiyam saurin nuna ta, kuma rim mai araha da aka yi wa fenti sama-sama yakan yi ja bayan hunturu kaɗan. Araha dai ba ta ado. Aloyin da aka rufe da cikakken fenti, wanda ba a goge fuskarsa ba, yana jure gishiri shekaru da yawa idan ana wanke shi, sannan ba ko'ina ake zuba gishiri da yawa ba, domin a ƙananan hanyoyin arewacin Finlan da Suwidin, da biranen tsakiyar Kanada irin su Winifeg inda sanyi kan fi ƙarfin gishiri, an fi dogara da yashi da tsakuwa. Rim na ƙarfe galibi ya fi nauyi, kuma nauyin da ke ƙasa da sifirin, wato wanda shokozoba ke kokawa da shi, yana rage yadda taya ke bin gargadar hanya. Maganar da wasu ke yi cewa nauyin rim na ƙarfe yana danna mota ta ƙara riƙe ƙanƙara ba ta da tushe, domin 'yan kilo kaɗan ba su da tasiri a motar da ta haura tan ɗaya da rabi. Ita ma fa'idar siririyar taya tana da iyaka: tana bayyana a cikin dusa mai zurfi da taɓonta, amma a kan busasshiyar kwalta mai sanyi, wadda a kanta ne mazauna manyan birane suka fi tuƙi ko a tsakiyar hunturu, taya mai faɗi ba ta da aibi.

Idan aka auna hujjojin, za a ga cewa ɓangarorin biyu sun cakuɗa tambayoyi biyu ne a cikin ɗaya. Tambaya ta farko ita ce wa ya ƙera rim ɗin kuma ko ma'aunansa sun dace da motar, ta biyu kuma ita ce saiti nawa mai mota zai mallaka. Kusan duk abin da ɓangaren farko suka kawo mai nauyi amsa ce ga tambaya ta farko, kusan duk abin da na biyu suka kawo kuma amsa ce ga ta biyu, don haka ana iya karɓar duka biyun ba tare da cin karo ba, ta hanyar sayen saiti na biyu wanda shi ma na kamfanin ne, a mafi ƙanƙantar girman da masana'antar ta amince wa wannan samfurin. Wannan ba abu ne mai wuyar samu ba, domin dillalan motoci a Jamus da Kanada suna sayar da cikakkun ƙafafun hunturu a kan rim ɗin kamfani, kuma kasuwar kayan hannu cike take da rim ɗin da masu motoci suka cire domin su sa na ado. Sharaɗin kawai shi ne a gwada ƙaramin rim ɗin a ƙafar gaba, saboda samfurin da ya zo da babban inji wani lokaci yakan zo da babban faifan birki, sannan a juya na hannun a injin balansin a tabbata bai lanƙwashe ba. Mai rim na ado mai gogaggiyar fuska da ke zaune a yankin gishiri, kuma yake da niyyar riƙe motarsa shekaru, shi ne ya fi kowa asara idan ya tsaya a saiti ɗaya. Wanda motarsa ta zo da rim na ƙarfe ko fentaccen aloyi mai inci 15 ko 16, ko wanda zai rabu da motar bayan hunturu ɗaya ko biyu, ba shi da dalili mai ƙarfi na sayen ƙari, tunda kuɗin sauyi biyu ko huɗu da wuya ya kai farashin rim huɗu da sansa huɗu.

Akwai kuma wata fa'idar saiti na biyu da ba ta shiga lissafin kuɗi, wato lokaci. A makonnin da dusar farko ke sauka shagunan taya sukan cika, a Kebek musamman idan 1 ga Disamba ya gabato, kuma wanda dole sai an cire masa roba an mayar da wata yana iya jiran layi kwanaki yana yawo da tayar bazara a kan ƙanƙara, a daidai lokacin da direbobi ba su riga sun sake sabawa da santsi ba. Wasu hukumomi sun gane cewa kuɗin farko ne ke hana mutane shiri da wuri, shi ya sa hukumar inshorar motoci ta lardin Manitoba take ba da rance mai sauƙin ruwa har dala 2,000 na Kanada domin tayar hunturu da kayan da ke tafiya da ita, ciki har da rim, lardin Ontariyo kuma ya wajabta wa kamfanonin inshora yin rangwame ga masu tayar hunturu tun farkon 2016.

Girman haɗarin rim ɗin kasuwa shi ma ya danganta da ƙasa. A Jamus ba a ɗaura rim a mota sai yana da takardar izini da ke lissafa samfuran motocin da ya dace da su, ko kuma an kai motar an duba an shigar da shi cikin takardunta, a Japan kuma akwai tambarin JWL da na VIA da ke nuna cewa aloyi ya cika ƙa'idar ƙarfi. A irin waɗannan wurare tsoron da ɓangaren farko ke nunawa ya ragu sosai, domin doka ta riga ta yi wa mai saye rabin binciken. A Amurka da Kanada ƙa'idojin gwajin rim ɗin kasuwa na ƙananan motoci galibi na ganin dama ne, don haka nauyin tantancewa yana kan mai saye da dillalinsa. Motocin lantarki sun ƙara karkata ma'aunin zuwa ga rim ɗin kamfani, saboda batir ya sa sun fi takwarorinsu masu fetur nauyi, kuma an tsara fuskar rim ɗinsu ta rage jan iska, abin da ke da daraja a sanyi inda tazarar da caji ɗaya ke kaiwa ta riga ta ragu. Rim ɗin da bai kai ƙarfin ɗaukar nauyin da aka rubuta wa motar ba bai kamata ya hau ta ba ko da ramukansa sun dace.

Wannan muhawara ta ƙasashen ƙanƙara tana da reshe da ya iso Afirka ta Yamma ta hanyar motocin kwatano, domin da yawa daga cikinsu sun yi shekarunsu na farko ne a Kanada da jihohin arewacin Amurka da Turai. Farin gari a bakin aloyi, da fenti mai kumbura kusa da ramukan noti, da tayar da ke sacewa ba tare da huji ba, alamu ne na motar da ta sha gishiri, kuma mai saye da ya gan su yana da dalilin leƙa ƙarƙashinta ya duba bututun birki da gindin bodi. Wasu motocin kuma sukan sauka a tashar jiragen ruwa da ƙafafun hunturunsu, wato baƙin rim na ƙarfe da taya mai alamar dutse da dusar ƙanƙara, haka nan irin wannan taya tana cikin tsofaffin tayoyin da ke shigowa kasuwanni duk da cewa Nijeriya ta sa gwanjon tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su. Zurfin haƙoranta yakan ruɗi mai saye ya ɗauka ya samu mai ƙwari, alhali robar da aka haɗa domin ta yi laushi ƙasa da sifili takan yi laushi fiye da kima a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafin iska ke haura digiri 40, sai ta cinye da wuri, ta ƙara tsawon tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya, ta kuma riƙa lilo a kwana. Shi kuwa rim ɗin ƙarfen da ta zo a kai, idan ramin tsakiyarsa da notinsa sun dace da motar kuma tsatsa ba ta ci bakinsa ba, ana iya cire masa tayar hunturun a ɗaura ta ƙasashen zafi a ci gaba da aiki da shi.